Yadda Za Ka Sa Matarka Takaba a Miƙaƙƙen Titi

Kai direba, in kana so matarka ta shiga takaba da sauran ƙuruciyarta, bi waɗannan matakai, ba fashi. Mijina Gwadabe, mai jan lorin albasa daga Inugu zuwa kasuwar Anacha, ya gwada su. Sau ɗaya ya ishe shi.

1. Ka ƙarar da tsoronka a tudu

Da ka bar Inugu akwai tudu mai kwana-kwana, ga rami a gefe. Nan ka sa giya ta ɗaya, ka rarrafa, ka karanto duk addu'ar da ka iya. Ka ƙarar da ita kaf, kada ka rage ko Bisimilla don gaba. Shekara da shekaru Gwadabe na bin tudun nan, ko gilashin fitila bai taɓa fasawa ba.

2. Ka amince da sabon titi

Wajen shekarar samun mulkin kai aka miƙe wani yanki na hanyar, aka faɗaɗa, aka sare itatuwan gefe, aka malala kwalta. Masana sun tabbatar, in titi ya miƙe mutuwa ba ta da wurin ɓuya. Kada ka dubi agogon gudu. Tunda ba itacen da ke wucewa ta gefenka, ai a tsaye kake. Ran da Gwadabe ya fara binsa, tun daga ƙofa yake cewa, "Ramlatu, titin nan ko makaho ya ja mota a kai!"

3. Ka zaunar da mai kaya a gaba

Samu irin Bappa Datti, dillalin albasa, wanda zai ce maka:

"Direba, albasa ka ɗauko ko ƙwai? Motar su Muntaka ta wuce mu. In suka riga mu saukewa, kai za ka cinye tawa?"

Kai kuma ka yi dariya ka ce, "Bappa, bari mu hau sabon titi, sai ka riƙe hularka."

4. Ka kashe inji a gangare

Haka gwanaye ke yi, mai ya huta, mota ta yi ta zuba shiru kamar ruwa. Birkin irin motar nan da inji yake samun ƙarfi. Ka san haka. Ka manta.

5. Kada ka tuna da gada

Waɗanda suka faɗaɗa titin ba su taɓa tsohuwar gadar da ke gindin gangaren ba, sun ce sai baɗi. Titi na ɗaukar mota biyu har da mai keke, gada mota ɗaya da kyar, kuma sai ka karya kwana kafin ka hau ta. Akwai allon gargaɗi da Turanci, ciyawa ce ke karanta shi.

Bappa Datti ya ce Gwadabe ya yi ta taka birki, ƙafarsa na kaiwa ƙasa. Bai yi ihu ba. Ya miƙa hannu ya buɗe masa ƙofa, ya ce, "Bappa, faɗa cikin ciyawa."

6. Sauran ba aikinka ba ne

Mutanen ƙauyen za su tsamo ka, su tsamo albasa. Mahautan unguwa su ɗauko ka, liman ya sallace ka. Mai kaya zai zo ta'aziyya yana dogara sanda, ya kasa kallon matarka, ya ce, "Ajali ne, Ramlatu." Ita kuma ta ce, "Haka ne, Bappa. Su Muntaka dai sun riga ku?"

Ni ba ruwana da abin da zai same ka. Ban yi boko ba, ban taɓa riƙe sitiyari ba, abin da na ji na faɗa. Gadar tana nan yadda take, baɗin bai zo ba. In ka bi matakan nan suka yi maka aiki, kada danginka su neme ni. Matarka dai tana iya zuwa, ɗakina ne na ƙarshe a layin mahauta. Zan ara mata mayafin takaba, bai tsufa ba.