Wanka da Iska a Barunde

Jama'a, yau da safe na fito da jarkoki biyu ina cigiyar mai ruwa, sai na tarar da maƙwabcina Zarami tsugune gaban famfon unguwa, ɗaure da tawul, yana cuɗa jiki da sabulu. Famfon nan shekara bakwai rabonsa da ɗigo, har gizo-gizo ya yi aure ya hayayyafa a bakinsa.

Na ce, "Zarami, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Matsa kada ruwa ya fantsama maka."

Ga yadda abin ya samo asali. Zarami ya shekara ashirin yana zuƙar sigari. A ɗauke wuta ya kunna kara, mai ya yi tsada ya kunna biyu, barci kuwa sai dai ya ji labarinsa. Watan jiya likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ce ko ya bar taba ko ya bar duniya. Matarsa Yagana ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ja shi GRA wurin wani Bernard, mai kwantar da mutum da daɗin baki har ya shiga barci-barci, sai ya raɗa masa cewa taba ɗaci gare ta.

Bernard ya ce, "Oga, rufe ido. Ka ɗauka kana wuri mai kwanciyar hankali. Ga wuta, ga fanka tana juyawa."

Zarami ya buɗe ido ɗaya. "A wace unguwa?"

Awa biyu ana abu ɗaya, barci ya ce bai san zancen ba. Da Bernard ya gaji sai ya kunna rediyo don ya huta, aka yi dace Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, gwanin buɗe ayyukan gwamnati, Allah ya ƙara masa almakashi, yana jawabi: an kammala aikin ruwa, an kori duhu, titi kamar tafin hannu. Kafin a kai titi Zarami ya fara minshari. Bernard ya yi wuf ya raɗa masa maganar taba. Sai dai kunne ba shi da rariya: ya haɗiye ta taba, ya haɗiye jawabin ma gaba ɗaya.

Yau kwanansa ashirin bai taɓa kara ba. Tari ya tafi, yana barci kamar jariri. Jiya keke ya jefa mu rami har haƙorana suka haɗu, shi ko yana yabon kwalta.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai, na tafi wurin Bernard na ce ya ƙyasta yatsa ya tashe shi. Ya ce, "Zan iya, Oga. Amma in ya farka ya ga famfon nan yadda yake, kafin azahar ya gama kwali."

Na kai wa Yagana maganar. Ta ce, "Malam, da babu gara ba daɗi. Gara ya yi wanka da iska da in yi masa takaba. Kada wanda ya ƙyasta min yatsa a gidan nan." Yanzu ita ke laɓaɓawa da bokiti ta bayansa, tana kwara masa ruwan da ta saya.

Don haka ina jinjina wa Mai Girma. Ruwa bai zo ba, amma jawabinsa ya ceci ƙirji ɗaya, aikin da ban taɓa jin wata kwangila ta yi ba. Ni kam na saurari jawabin sau uku ko zan dace. Da na farka, har yanzu jarkokina biyu babu ko ɗigo, kuma wallahi ni da ban taɓa shan taba ba, na fara tambayar inda ake sayar da ashana.