Rasuwar Gangar Ruwan Gidan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da har yanzu bai bushe ba, iyalan Tela mai shago a bakin layi suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar gangarsu ta tara ruwan sama, wadda aka fi sani da Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali cikinta ko rabi bai kai ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne gab da faɗuwar damina. Tela ya wanke ta sau uku, ya ɗora ta a kan bulo huɗu, ya sa mata kan famfo, sannan ya ɗinka mata hular raga da hannunsa, har da leshi a baki, don kada ganye ya faɗa mata. Ba don ado ya kawo ta ba. Shekara goma sha tara uwargida tana ɗauko ruwa daga famfon ƙasan layi, har bayanta ya soma ciwo, likita ya ce ta kwanta ta daina ɗaukar kaya a ka. Ranar nan Tela ya dafa ganga a gaban kowa ya ce, "Uwar yara, daga bana kin gama da bokiti. Ruwa ne zai biyo ki har ƙofar ɗaki."

Duk wanda ya zauna da marigayiya ya shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa yoyo ba, ba ta taɓa shiga harkar maƙwabta ba, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Kullum da safe Tela kan ƙwanƙwasa cikinta, ita kuma ta amsa da "bum, bum", amsar wadda ta kwana da yunwa. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, wai murya ce ta masu lafiya.

Jinyarta ta samo asali ne daga ranar da aka kafa indararo a bakin kwano. Mai gyaran famfo ya ɗaga kai ya duba rufin ya ce, "Maigida, sai an ɗan karkata shi wajen ganga, ko da yatsa biyu ne. Ruwa ba ya tafiya sai ya ga gangara."

Tela ya tsuke fuska. "Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa sakin riga da karkataccen baki ba. Sai a gidana? Mutane su wuce su ce wai aikin tela ke nan?"

Ya sallami mai gyara, ya hau tsani da tef a wuya da alli a bayan kunne. Ya auna nan, ya auna can, ya ja zare, ya buga ƙusa. Indararo ya fito sambal, kai da kai daidai, kuma a faɗi gaskiya masu wucewa sun yaba.

Da ruwa ya sauko daga kwano ya shiga indararo, sai ya duba dama, ya duba hagu, ya ga babu inda ya fi wani, ya yi zamansa. Ganye ya zo ya taya shi zama, laka ta biyo baya, sauro ya tare da iyalinsa. Abin da ke isa wurin marigayiya bai wuce "ɗis… ɗis…" ba. Uwargida kuwa ta ci gaba da zuwa famfo a ɓoye, sai ta tabbata Tela yana shago, don kada ta ba shi kunya. Yakan dawo ya ga jiƙaƙƙen gammo a kan igiya, ya kau da kai.

Ranar Talata ƙusoshi suka gaji. Indararo ya sauko da ruwansa da lakarsa gaba ɗaya a kan marigayiya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas!", ta tsage daga wuya har ciki, ɗan abin da ta tara ya bi tsakar gida. Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Da aka ɗauke ruwa sai ta dafa ƙugu ta miƙa hannu ga bokiti, ta ce, "Bar shi, Baban yara, ai na saba."

Wannan magana ta fi mutuwar ganga yi wa Tela ciwo. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ya karɓe bokitin daga hannunta ya nufi famfo.

Marigayiya ta bar bulo huɗu, da hula guda, da kan famfo wanda bai taɓa cika buta a zama ɗaya ba, da jikokin sauro da ba sa ƙirguwa. Indararo yana kwance a bayan gida, a lanƙwashe, ba ya karɓar baƙi.

Za a yi sallama da ita gobe da hantsi, inda mai gyaran famfo zai raba ta biyu da zarto. An roƙe shi, don girman zumunci, ya yi aikinsa kada ya ce komai. Za a riƙa karɓar gaisuwa kullum da safe a layin famfo. Masu zuwa ba za su sha wahalar gane mai makoki ba, shi kaɗai ne mai furfurar gemu a cikin mata, da bokiti a kowane hannu. Uwargida ba za ta samu halarta ba, tana kwance tana hutawa kamar yadda likita ya ce.