Ranar da 'Yan Aji Shida Suka Feɗe Hotona

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan aji shida suka feɗe ni har wutsiya ba, da wuƙar da ni kaina na wasa musu.

Lokacin ina sabon malami, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka turo ni wata firamare a wajen Mairuwa, ƙasar Faskari. Zamanin da kuɗin man fetur suka fara zubowa ke nan. Rediyo ya shiga kusan kowane zaure, samari sun jingine keke sun hau babur, 'yan majigi kuma kan kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa su nuna talla kafin fim. Komai sabo, komai yana walƙiya, mu kuma muna zaton haka za a dawwama. (Har yau in na bi ta hanyar nan na hangi inda kukar makarantar take a da, sai in tsaya in daɗe ina kallon wurin.)

Abin da ya dame ni shi ne yarana sun yarda da duk abin da aka buga a takarda. Wani daga cikinsu ya taɓa rantse mini cewa in ka sha wani maganin ƙarin jini za ka ɗaga mota, don ya ga hoton ƙato ya ɗaga ta a jikin kalanda. Sai na fara yanko tallace-tallace daga tsoffin jaridun hedimasta ina mannawa a allo. Na koya musu su riƙa tambaya: wa ya yi hoton nan, me yake so da mu, me kuma ya ɓoye? Na ce su duba gefe-gefe, su duba ƙasa, su juya bayan takarda. Yaran suka kama abin fiye da yadda na zata, har wani dattijo ya tare ni a masallaci yana ƙorafi, wai jikarsa ta hana shi jin tallar sabulu a rediyo cikin kwanciyar hankali. Ranar nan da ƙyar hulata ta zauna a kaina.

To, akwai Sahura. 'Yar wani manomin auduga ce a garin, ƙanwarta Uwani kuma tana ajina. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya takan sunkuyar da kai ta rufe baki da gefen gyale, ni kuwa in yi ta neman abin da zan faɗa don ta sake. Matsalar ita ce ba ni kaɗai nake zuwa zance ba. Akwai wani ɗan kwangila daga Ƙanƙara mai zuwa da mota sabuwa fil, ni kuma kekena birki ɗaya ne da shi.

Shaiɗan dai ya ja ni Funtuwa wurin mai hoto. Yana da labule mai zanen bene da jirgin sama yana ketawa ta bisa, da tebur, da wayar tarho baƙa. Ya ara mini kwat da agogo. Takalmin aron ne kawai ya ƙi shiga ƙafata, ya ce kada in damu, tebur zai rufe. Na zauna na kara waya a kunne na ɗaure fuska kamar ina ba gwamna shawara. Da na kai wa Sahura hoton, sai na ce mata, a wani ofis ne a Kaduna aka ɗauka, ranar da na je wani aiki. (Ban ce ofishina ba ne. Amma kuma ban ce ba nawa ba ne.) Ta duba ta daɗe, ta ce ya yi kyau, ta soke shi cikin zane.

Bayan 'yan makonni hedimasta, Malam Isiyaku, ya shaida mana sufeton makarantu zai zo, kuma ajina zai shiga tunda ni ne mai sabon salo. Na ba yara aikin gida: kowa ya zo da hoton da ke son ya sayar masa da wani abu, ko na gwangwani, ko na kalanda, ko na jarida. Ranar kuwa, don in nuna babu haɗin baki, na sa suka kife hotunan cikin faifai, na miƙa wa sufeto na ce, "Ranka ya daɗe, zaɓi duk wanda ka ga dama. Yaran nan za su warware maka shi."

Ya zaro ɗaya. Ya dube shi, ya dube ni, ya sake dubansa. Sai ya fara zagayawa da shi benci-benci yana nuna wa yara. Ni ina bakin allo ina murmushi, ban ga ko mene ne ba.

"Wayar ba ta da inda ta tafi," in ji wata yarinya. "Ga igiyarta nan tana reto ƙarƙashin tebur."

"Madalla," na ce. "A ci gaba."

"Jirgin saman ya yamutse. Zane ne a jikin ƙyalle."

"Hannun kwat ɗin ya fi ƙarfinshi, ba tashi ba ce."

Wani daga baya ya ɗaga hannu. "Kawuna ma shina da hoto da kwat ɗin nan, da wayar nan."

A nan ne murmushina ya fara bushewa. Na matsa na leƙa ta kafaɗar sufeto. Ni ne. Ga ni nan da tulin suma, na ɗaure fuska, ga kuma yatsun ƙafata cikin silifas suna leƙowa ta ƙasan teburin da aka ce zai rufe.

Yaran sun gane ni tun farko, amma ladabi ya hana su faɗa, sai "mutumin" suke cewa. Sufeto ya tambaya, "To, a ina aka ɗauka?" Uwani ta ce, "Malam ya ce a riƙa juya baya." Ta karɓa ta juya, ta karanta hatimin mai hoto da ƙarfi, harafi-harafi, har da "kusa da tashar mota, Funtuwa".

"Me mutumin yake so da mu?" in ji sufeto, yana cije leɓe.

Yara suka kalli juna. Can Uwani ta ce a hankali, "Ba da mu yake ba. Da yayata yake."

Malam Isiyaku ya fita waje da sauri, wai tari ya sarƙe shi. Muna jiyo tarin har daga gindin kuka. Sufeto ya miƙa mini hannu ya ce bai taɓa ganin malamin da ya sadaukar da kansa don darasi haka ba. Na amsa da "na gode", don ban sami wata kalmar ba.

Na yi kwanaki ina bin bayan gari da kekena don kada in gifta ƙofar gidan su Sahura. Daga baya na ga gudun ba shi da ranar ƙarewa, na je bayan la'asar. Sahura ta fito zaure ta gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Na fara kame-kame cewa yara ba su da kirki, Uwani ta ɗauki hoton ba da saninta ba.

"Ni na ba ta, Malam," ta ce. "Ta ce an ce a kawo hoton da ke son ya sayar wa mutum da wani abu. Na duba gidanmu kaf, ban ga wanda ya kai naka ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Can na ce, "To, kin saya?"

Ta rufe baki da gyale. "Wayar dai ban saya ba."

Bayan kaka aka ɗaura mana aure. Uwani ta girma ta zama malama, har ta shugabanci wata makaranta a Sabuwa, kuma na ji tana ba ɗalibanta labarin wani "mutumi" mai waya, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Sahura kuwa mun zauna har muka ga jikoki. Duk ranar da na fara cika baki gaban baƙi, sai ta leƙo ta ce, "Malam, ana kiranka daga Kaduna," in yi gum. Allah Ya yi mata rasuwa, Ya ji ƙanta. Yanzu ina cika bakina son raina a zaure, babu mai katse ni, kuma wallahi ban taɓa sanin cika baki zai rasa daɗi haka ba.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka buɗe wa yara ido, ka fara sanin inda hotunanka suke kwana. Ido in ya buɗe, ba ya tambayar wa ya buɗe shi.