Addu'ar Baba Kai-Ka-Sani

Idan ana maganar masu addu'a, to kowa ya ja da baya ya ba dattijon cocinmu wuri. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar murya, ya kuma haɗa masa da baiwar kunne. Muryarsa ba ta neman lasifika. Kunnensa kuwa yana jin abin da aka faɗa a ƙuryar ɗaki, ko da an rufe ƙofa an sa sakata. Wasu na cewa baiwa biyun nan sun yi wa mutum ɗaya yawa. Masu hassada ke nan, ku rabu da su.

Shi kansa ba ya son yabo ko kaɗan. Yakan faɗa mana haka duk Lahadi, a tsaye, da hannu a ƙirji. "Ni ba kowa ba ne, 'yan'uwa. Turɓaya ce ni. Sai dai irin turɓayar da in ta buɗe baki, sama takan yi tsit ta saurara." Sai ya sunkuyar da kai don tawali'u, yana leƙen wanda bai gyaɗa kai ba.

A gaban idonsa Baba Dattijo muke ce masa. A bayan idonsa kuwa Baba Kai-Ka-Sani, saboda yadda yake buɗe addu'a. Sauran bayin Allah in sun rufe ido sai su roƙi abin da ya dame su, su yi shiru. Baba ba ya wannan gaggawar. Shi sai ya ɗauko wa Ubangiji labarin tun daga tushe, da suna da unguwa da launin riga, don kada a yi kuskure a can sama a kai amsa gidan da ba shi ba. Da zarar ka ji ya ce "Ya Uba, kai ka sani," to gyara zama, yau wani zai gane kurensa.

Ranar da abin ya faɗa kan wani bakaniken cocinmu ba za ta mantu ba. "Ya Uba, kai ka sani bawanka bakanike, wanda yake zaune a bencin baya da riga shuɗiya, ba ya kwana a gida kwanan nan. Kai ka san abin da matarsa ta gani a wayarsa. Ba za mu ambaci wadda ta turo saƙon ba, ya Uba, gama kai ka san tana cikin ƙungiyar mawaƙa." Tabɗi! Ban taɓa ganin jama'a sun yi addu'a da ido ɗaya a buɗe irin na ranar ba. Mawaƙa suka shiga kallon juna ta gefen ido, kowace tana gyara ɗankwali. Tun daga lokacin bakanike bai sake taka ƙofar cocin ba. Da aka gaya wa Baba, sai ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce addu'ar ce ta yi masa zafi.

Kada ku ce gulma yake yi. Haba, Baba da gulma? Shi ne fa ya taɓa tsayar da zumuntar mata bayan sujada ya wanke su tas a kan harshe. "Gulma zunubi ce mai wari," in ji shi. "Ni in na ji magana ba na kai wa ɗan Adam. Allah nake kai wa kai tsaye. Idan wani ya tsinci wani abu a kan hanya, wannan tsakaninsa da kunnensa ne."

A ranakun aiki yana shagonsa na fenti da ƙusa da kwanon rufi. Ya ajiye wani benci a ƙofar shagon, ya sa masa suna kujerar hutun zuciya. Ka zo sayen ƙusa, sai ya dubi fuskarka ya ce ya ga nauyi a ruhunka. "Zauna, ɗana, ka sauke. Cikin nan nawa rijiya ce." Gaskiya ya faɗa, rijiya ce, amma mai famfo. Kafin ka karɓi ƙusarka ka riga ka faɗi abin da ko matarka ba ta sani ba, shi kuma yana ta "Assha, assha," yana adana shi zuwa Lahadi.

Fastonmu matashi ne mai sanyin hali. Ya taɓa jan Baba gefe ya ce ko za a riƙa taƙaita addu'ar, tun da Allah ya riga ya san kome. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ɗana fasto, lokacin da gwiwata ta fara yin kanta a gaban Ubangiji, kai ko rarrafe ba ka fara ba. Makaranta ta koya maka wa'azi, amma ba ta koya maka yadda ake shigar da ƙara a sama ba." Fasto ya ɗaga kai ya dubi rufin cocin, ya tuna daga shagon wa kwanon ya fito, ya haɗiye sauran maganarsa.

Da jama'a suka ga ba mai cetonsu, sai suka koyi dabara. Duk abin da Baba ya tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau. Ka ga mutum da ƙafa a ɗaure yana ɗingishi, lafiya lau. Matar da ta kwana kuka, ido ya kumbura, lafiya lau, Baba, barkono ne ya shiga. Bencin shagon ya yi ƙura. Addu'o'in Baba suka rame, suka koma roƙon ruwan sama da zaman lafiyar duniya, abin da ba ya sa kowa buɗe ido. Shi ma ya fara ramewa, abin tausayi.

Ana cikin wannan fari ne Gwaggo mai ɗinki ta zo gidansa, ba wurinsa ba, wurin Mama matarsa. Gwaggo gwauruwa ce, ɗa ɗaya gare ta, direban babbar mota. Kowa ya san ya tafi aiki can nesa ya daɗe bai zo ba. A kicin ta gaya wa Mama gaskiya da murya ƙasa-ƙasa: ba aiki ya tafi ba, gidan yari aka kai shi. An kama kayan sata a motar da yake tuƙawa, ya yi zamansa ya gama, ga shi ya dawo. Kunya ta hana shi ko leƙa waje. Da ƙyar da kuka ta shawo kansa ya yarda zai zo sujada sau ɗaya. Amma ya rantse mata, in ya ji ko da raɗa ce a kan inda ya fito, zai tattara kayansa ya bar garin, ba ita ba ganinsa kuma. Ba wani abu take nema ba, in ji ta, Mama ta taya ta addu'a a zuci kawai.

Baba kuwa yana falo yana barcin rana, a kujerar da ke jikin tagar kicin. Da Mama ta raka baƙuwarta ta dawo, ta tarar da shi ido a rufe gam, amma fuska na ta ƙyalli kamar an shafa mata mai. Nan take ta gane ya ji kome.

"Baban yara, don girman Allah, abin da ka ji ka bar shi a ɗakin nan."

Ya buɗe ido a hankali. "Mace, so kike in ɓoye wa Allah magana? Ran yaron nan yana hannuna yanzu. In na yi shiru, ni za a tambaya."

Ranar Lahadi ya sa aka goge masa kwat ɗin da yake sawa in za a yi baƙi. Ya iso da wuri, yana gaisa da kowa da hannu biyu, yana gyaran murya lokaci-lokaci. Wanda ya san Baba ya san yau akwai kaya.

Direban ya shigo bayan an fara waƙa. Ya zauna a bakin bencin ƙarshe, dab da ƙofa, rabin jikinsa a ciki rabi a shirye. Hularsa na hannunsa yana murza ta. Gwaggo tana cikin sahun mata, ba ta waiwaya ba, amma bakin gyalenta ya sha matsa. Ni dai ranar ban ji wa'azin ba. Na ga yadda Baba yake waiwayen bencin ƙarshe yana murmushi, raina ya ɓaci tun kafin in san dalili.

Da aka zo addu'ar rufewa fasto ya yi wuf zai yi da kansa. Ina! Baba ya riga ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Mu rufe idanunmu. Ya Uba mai gani a ɓoye, wanda ba a kulle maka ƙofa, ko ta katako ko ta ƙarfe." Ya dakata don ta ƙarfen ta shiga. "Kai ka sani yau akwai baƙo a cikinmu, ɗan 'yar'uwarmu mai ɗinki. Mutane suna tsammani aiki ya tafi. Amma kai, ya Uba, kai ka san irin gidan da ya..."

"AMIN!"

Daga sahun mata ta fito, da ƙarfi, kamar an fasa tulu. Baba ya yi turus. Tun da yake addu'a ba a taɓa ce masa amin a tsakiyar magana ba. Ya ƙara murya. "Na ce kai ka san gidan da ƙofarsa..."

"Amin! Amin! Amin!"

Yanzu mata ne gaba ɗaya. Yawancinsu ba su san kome ba game da direban, amma kowacce ta san zafin wannan "kai ka sani", ko a kanta ko a kan mijinta ko a kan 'yarta. Maza suka karɓa daga nasu ɓangaren. Mawaƙa, da suke da tsohon ciwo, suka ɗauki waƙar yabo tun daga sama, mai ganga ya bi su ba tare da an ce masa ba. Ana ganin bakin Baba yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko harafi ɗaya bai tsallake bencin farko ba. Fasto, da Allah ya ba shi basira a ranar, ya ɗaga hannu ya sa albarka cikin sauri, ya sallami jama'a.

Direban ya riga ya miƙe, hannunsa na kan ƙofa. Bai samu fita ba, don mutane sun taru a kansa. Wannan ya kama hannunsa, wancan ya dafa kafaɗarsa. "Sannu da zuwa! Kai, ka daɗe. Ya aikin?" Ya dubi fuskokinsu yana neman wani abu, bai samu ba. Ya ce, "Da godiya." Kafin ya tafi matasa sun sa shi ya yi alkawarin zuwa taya su gyaran bencunan coci ranar Asabar. Gwaggo na zaune inda take tana share hawaye, aka bar ta, don a coci ba a tambayar mai kuka dalili.

Baba kuwa yana bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, ya riga ya gano abin da ya faru. "Kun gani ko? Ban ma kai ga roƙon ba, wuta ta sauko. Akwai addu'ar da jama'a ba sa iya ɗaukarta har ƙarshe. Ba ni ba ne fa, ni turɓaya ce."

Har ya isa gida bai sauka ba. Ya cire kwat, ya zauna a tebur, Mama na zuba masa abinci.

"Maman yara, yau kin ga abin da nake gaya miki. Matar nan da ta fara cewa amin, sai na nemo ta. Mace ce mai ruhu. Ita kaɗai ta fara jin nauyin abin da ke fitowa daga bakina. Irinta ya kamata a ba shugabancin mata."

"Ni ce, baban yara."

Ya ajiye cokali, ya dube ta da sabon girmamawa. "Ke? Ashe kina jin ƙarfin addu'ata haka, ba ki taɓa faɗa ba?"

Mama ta tura masa kofin ruwa gabansa. "Ba taka na amsa ba. Tun asuba nake roƙon Allah ya rufe maka baki. Da na ga ka buɗe shi, sai na taya shi aiki."