Rasuwar Ɗan Baƙi, Kan Jirgin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, likitan haƙori na hawa na biyu yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Baƙi, ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, wanda ya cika a kan teburin falo, a hannun shi likitan. Ana roƙon duk wanda wannan sanarwa ta iske ya kama bakinsa tukuna, domin mai jirgin, wato Baba, mahaifin likita, ba a gaya masa ba.

Marigayin bai fi tsawon tafin hannu ba, amma ya girmi likita a gidan nesa ba kusa ba. Baba ya saye shi tun yana saurayi yana aiki a tashar jirgi, ya shimfiɗa masa layin dogo a kan katako, har da gada da 'yar tasha ta kwali. An shaide shi da haƙuri da riƙon amana. Duk taragon da aka ɗaura masa ja yake yi ba ƙorafi, kuma bai taɓa sauka daga layi ba sai ranar da kyanwa ta yi masa kwanton ɓauna a bayan gada. Da idon Baba ya yi rauni, muryar marigayin ce ta zame masa abokiyar hira. Ƙir-ƙir-ƙir a miƙe, ƙwas-ƙwas a kan gada, ɗan nishi a kwana. Da kunne kawai Baba yake sanin inda ya kai.

Game da jinya kuwa, gara a faɗi gaskiya: lafiyarsa ƙalau. Ko tari ba ya yi. Likita ne ya gano wata 'yar na'ura da ake kira dikoda, ba ta fi farcen babban yatsa ba, wadda idan aka dasa ta a cikin kan jirgi sai ya riƙa busa usur, yana kunna fitila, yana tashi a hankali kamar na gaske. Baba bai so ba, ya ce a ƙyale masa tsohonsa yadda yake. Likita ya yi ta naci har ya amince. Maiɗakin likita ta ce ya kai wa masu sana'ar. Wa ya ga likita! Ya ce shi da yake cike ramin haƙorin da bai fi kan allura ba, 'yan wayoyi ne za su gagare shi?

Ba shakka dalmar da ya liƙa wayoyin da ita ta yi kyau, a nan ba a zarge shi ba. Cikin wayoyin dikodar huɗu, ja da baƙa ya kai su ga ƙafafun da ke ɗaukar wuta daga dogo, sauran biyun ga inji. Sai dai tsofaffin jirage irin marigayin, injinsu a manne yake da gangar jikin ƙarfe, wuta ta nan take bi, dole a raba su da salatif kafin a haɗa dikoda. Likita ya san da haka. Ya kuma san ana fara gwaji ne a guntun layi mai ƙarancin wuta. Amma Baba ya ɗaga murya daga ɗaki yana tambayar ko an gama, shi kuma yana so ya burge. Ya rufe, ya ɗora a babban layi, ya sakar masa wuta gaba ɗaya.

Fitila ta kama, ta yi kyau ƙwarai. Sannan marigayin ya ce tsss, wani siririn hayaƙi ya fito ta bututun da tunda aka ƙera shi bai taɓa fitar da hayaƙi ba. Shi ke nan. Dikoda ta ƙone, inji ya bi ta, irinsa kuma an daɗe da daina yi. Likita ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Da Baba ya tambayi warin mene ne wannan, maiɗakin ta rufa masa asiri, ta ce ita ce ta bar dutsen guga a kan riga.

Ya rasu ya bar taragon fasinja, da na gawayi, da na mai wanda dama ƙafarsa ɗaya ba daidai take ba, da 'yan mutanen roba da ke tsaye a tasha da jakunkunansu. Ya kuma bar Baba, wanda aka ce masa marar lafiya yana hutawa bayan tiyata.

Za a shimfiɗe gawar a kwalinta na asali, a ɗora a saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a bakin ƙofa, cikin raɗa. Ba a sa lokacin jana'iza ba, domin likita ya rantse ba za a yi ba sai ya durƙusa gaban Baba ya faɗa da bakinsa, kuma kada kowa ya riga shi. Da safiyar nan ya kai har bakin ɗakin Baba da niyyar faɗa masa. Ya tarar Baba ya sa an sayo masa 'yar kwalbar man keken ɗinki, yana juya ta a hannu, wai zai ɗiga wa ƙafafun Ɗan Baƙi da kansa idan an sallamo shi.