Gishirin da Na Ƙara a Miyar Bikin Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Rakiya ɗakin mijinta ba, kuma ko na so in manta, mutanen Bangi ba za su bar ni ba. Har yau in miya ta yi gishiri a gidanmu, sai ka ji an ce, "Gwaggon Madawa ta biyo ta nan." Gwaggon Madawa kuwa ni ce, Rakiya ɗiyar yayana ce.

Bari in faro maka daga tushe. Tun ina yarinya a Bangi an san ni da abu biyu, ci da kuma sanin abin da nake ci. In na lasa miya sau ɗaya, zan gaya maka daddawar batson da ke ciki ta bana ce ko ta bara, kuma gabu, wato busasshen ganyen albasa, soya shi aka yi ko jefa shi aka yi don gaggawa. Saboda haka duk biki ko suna a danginmu, ba a sauke babbar tukunya sai an kira ni na ɗanɗana. In na ce ta yi, to ta yi. Ba mai kai ludayi baki bayana, don yin haka daidai yake da a ce ban iya ba. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa a lokol, wato makarantar boko, a Madawa, amma wallahi wannan muƙami na bakin murhu ya fi mini alli daraja.

To, abin da baki ya tara, gwiwa ke ɗauka. Jiki ya yi ta hawa har salla ta koma a kan kujera, ga ciwon sukari, ga hawan jini. In zan shiga motar Bangi ranar kasuwa, direba sai ya dubi tayoyinsa kafin ya gaishe ni. Daga ƙarshe likita ya daina lallashi, ya gaya mini gaskiya tsirara. Maigidana, wanda fataucin albasa yake yi, ya ɗauke ni muka tafi ƙasar Tunus, aka yi mini aiki aka rage mini tumbi. Abin da aka bar mini bai fi kofin shayin Buzaye biyu ba.

A ƙauye kuwa cewa na yi tsakuwa aka ciro mini a ciki. (Kada ka yi saurin zagina. Ka je ka tsaya gaban mutanen da rumbunsu ke ƙarewa kafin ruwan farko, ka gaya musu ka hau jirgi don a rage maka wurin zuba tuwo, mu ga bakin da za ka faɗa da shi.)

Rama kam na rame. Gwiwoyina sun gode, na koma yin sujada kamar kowa, har telana ya yi ta ƙorafin rage kaya. Amma akwai abin da ya tafi tare da naman jikin, wanda ban gaya wa kowa ba, har likitan. Abinci ya mutu a bakina. Kilishin Madawa, wanda a da nake iya bambance na wannan mahauci da na wancan ido rufe, ya koma mini kamar ina taunar kwali. Shayi sai in ji kamar an jiƙa ƙusa a ciki. Fura da nono, ruwa ne mai kauri kawai. Nakan zuba dambu cokali uku in zauna ina kallonsa, ba yunwa, ba marmari. Wata rana har kuka na yi a kan kwanon, don na ji kamar an yi mini rasuwa ne kuma ba wanda zai zo mini gaisuwa.

Wata bakwai bayan aikin aka sa bikin Rakiya. Dangin ango sun taho daga Galma tun da hantsi, aka sauke su a gidan maƙwabta. An yanka rago ɗaya tilo, an ɗora miyar tattasai a tukunyar nan da sai mata biyu ke iya ɗagawa. Mai kula da girkin ita ce Tsahara, matar ƙanena, yarinya mai ladabi da hannu mai kyau. Ana idar da azahar ta iso inda nake zaune, ta durƙusa da ludayi.

"Yaya, zaka ki taɓa muna, baƙi na jira."

Na tashi da taƙama, mata suka buɗe mini hanya. Na ɗebi miya na hura, na kai baki. Ruwan zafi da mai, shi ke nan abin da na ji. A nan ne ya kamata in ce, Tsahara, yau bakina ba daɗi, ɗanɗana da kanki. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Amma idanu wajen ashirin na kaina, kuma girman kai rawanin tsiya ne. Na ɗaga gira na ce, "Babu gishiri."

Tsahara ta watsa hannu guda, ta motsa. Na sake lasa. Shiru.

"Ƙara."

Ta ɗan tsaya, ta yi ƙasa da murya don kada a ji. "Yaya, wallai na sa kwano guda tun da hwari."

"Ke! Ni za ki koya ma miya? Ran da nif fara taɓa tukunya gidan ga, ke ko goyo ba a yi da ke ba."

Ta ƙara, baiwar Allah. A karo na uku ma ban jira ta ba, na karɓi ƙwaryar gishirin na zuba da hannuna, zubin mai zuciya. Da na lasa sai na ji wani ɗan cizo can gefen harshe, irin wanda na yi wata bakwai ban ji ba. Har daɗi ya kama ni. Na miƙa ludayi na ce, "Yanzu ta yi." Aka rangaɗa guɗa, aka zuba a kan shinkafa, aka jera kwanoni aka kai wa baƙi. Kamar yadda aka saba, ba wadda ta taɓa bayana.

Ba a jima ba sai ga sallama a ƙofar gida. Wata tsohuwa ce ƴar firit, sanda a hannu ɗaya, kwano a ɗaya. Aka ce Iya Habsu ce, kakar ango. Ka san kaka a biki, bakinta ba linzami, kuma ba mai ikon yi mata fushi. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Wa ad da wagga miya?"

Mata suka nuna ni baki ɗaya. Ni kuma (Allah ya yafe mini) har gyara ɗaurin kallabi na yi, na ɗauka yabo ne ya taso tun daga masauki da ƙafarsa.

"Ɗiyata, tambaya ɗai niz zaka yi," in ji ta. "Mutane kunka ba ɗiyarku ko raƙuma? Don mu can Galma raƙumi ɗai muka ba gishiri haka, shi ma sai ya yi wata ukku bai lasa ba."

Wasu suka yi ƴar dariya, irin ta rashin sanin abin yi. Ko a nan da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Sai na ji bakina yana cewa, "Iya, ƙila dai bakin tsuhwa na."

"Awo? To ga bakin ƙuruciya, lasa mu gani."

Ta miƙo kwanon. Na sa yatsa na lasa a gaban kowa, na juya shi a baki, fuskata ko gezau. Kuma don in nuna ban tsorata ba na ce, "Ni dai in don ta ni na, da an ƙara kaɗan."

Sai wata ƙanwar mahaifiyar amarya ta yi abin da ba a taɓa yi ba, ta tsoma yatsa bayana. Tana kaiwa baki ta tofar, ta ruga wajen randa. Ta biyu ta lasa ta ce, "Innalillahi!" Ta uku hawaye ne suka zubo mata. Ina tsaye ana ta layi a kan kwano ɗaya, kowa na lasa tana kallona.

Abin da ya karya ni ba dariyar ba ce. Ji na yi wata daga baya tana cewa, "Ai Yaya ba ta kuskure. Tsahara ta, bayan an taɓa ta koma ta ƙara." Nan take magana ta juya. Aka fara cewa dama yarinyar nan rawar kai gare ta, ta kunyata gida gaban baƙi. Na dubi Tsahara. Tana tsaye da ludayi, idanunta sun cika, kuma na san ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta ce ni ce ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Na ce, "Ku bar yarinyar ga. Ni niz zuba, da hannuna, kuma sai da ta hana ni. Ba ni jin ɗanɗanon komi, wata bakwai ke nan. Kuma ba tsakuwa anka hidda min ba. Cikina anka yanke anka rage, don in bar ƙiba."

Ka ga yadda kaji ke yi in shaho ya gitta? Haka gidan ya yi, sannan kowa ta fara magana lokaci guda. "Da gangan?" "Lahiya lau ki kai cikinki a yanke?" "Ina anka kai sauran?" (Wannan tambaya ta ƙarshe har yau ban san amsarta ba.) Iya Habsu ta jingina da sandarta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Mu muna biɗar abin sa ma ciki, ke kin kai naki an rage."

Babu rago na biyu, don haka tsamo naman aka yi tsoka-tsoka aka wanke shi a ruwa uku, aka sake ɗora sabuwar miya. Baƙin da ya kamata su ci da azahar sai bayan la'asar suka ci, motar amarya ta tashi a makare. Yayana ya wuce ni ya kawar da kai, wanda ya fi zagi ciwo. Ni kuwa na samu bayan rumbu na zauna, ina jin ana daka tattasai a karo na biyu saboda ni.

A can Iya Habsu ta same ni. Ta zauna a kan turmi, ta buɗe baki ta nuna mini haƙoranta, guda biyu ne suka rage. Ta ce lokacin da sauran suka zube, ita ma ta yi shekara ba ta san daɗin abinci ba. "Ke kin saba da haɗiya ta," in ji ta. "Yanzu ki koyi ci. Loma ƙarama, ki bar ta bisa halshe ta gaishe ki tukuna. Mi kika gaggawa? Wurin da za ta ma an rage shi."

Da na koma Madawa na je na gaya wa likita abin da na ɓoye masa. Ya yi mini faɗa kamar ƴar aji ɗaya, ya sa aka auna jinina, ya ce akwai abin da ya yi ƙaranci a jikina tun bayan aikin, ya rubuta mini ƙwayoyi. Na haɗa maganinsa da na Iya Habsu. Nakan zauna da cokali uku na abinci in yi rabin awa a kansu. Tsamin yakuwa ne ya fara dawowa. Bayan wasu makonni maƙwabciyata na soya gabu, ƙamshin ya tsallako katanga, sai na ji yawu ya tsinke mini. Na tsaya cak a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ina murmushi ni kaɗai.

Shekara na zagayowa Rakiya ta zo wankan gida Bangi, aka yi suna. Na je da wuri, na zauna inda za a gan ni. Aka ɗora tukunya, aka motsa, aka sauke. Ba wanda ya kira ni. Tsahara ce ta ɗanɗana, aka yi mata guɗa. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya sosa mini rai. Ni kuma aka haɗa ni kwano ɗaya da tsofaffi a inuwar zaure, wai mu ne masu ci a hankali, har da Iya Habsu da ta zo ganin tattaɓa-kunnenta.

Na yanki ƴar loma na ɗora a harshe na jira. Sai ga su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: gabu, daddawa, tattasai, har da hayaƙin karan da aka yi girkin da shi. Idona ya kawo ruwa. Sannan na lura da wani abu, na sake ɗanɗanawa don in tabbatar. Na matsa kusa da kunnen tsohuwar.

"Iya, miyar ga ba ta ji gishiri ba."

Ta lasa, ta juya shi tsakanin haƙoran nan biyu, ta gyaɗa kai. "Gaskiyarki, ɗiyata, halshe ya dawo. Amma ki yi kurum. In kin hwaɗi, ko ni ba ni yi maki shaida."

Na yi kurum. Na ci lomata biyar ta miya marar gishiri, kuma rabon da in ji daɗin abinci haka har na manta.

Darasin dai na saye shi da tsada, kuma mutanen Galma ne suka biya da yunwarsu: in abu ya ɓace maka, faɗe shi tun kana cikin ɗaki, kafin ya faɗi kansa a tsakar gida. Harshe ya dawo mini cikin shekara guda. Yardar dangi kuwa har yanzu tana hanya, kuma da alama a ƙasa take tahowa.