Matar da Na Haska a Bango

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fara hango ta ba. Tana zaune a kan kifaffen kwalekwale a bakin kogi, ta zuba tagumi, rana tana faɗuwa a bayan kachala, doguwar ciyawar nan mai mamaye duk inda ruwa ya kwanta. Ba kwalli, ba ɗan kunne, zani ɗaya ta lulluɓa har ka. Ni kuwa da na taso ina satar littattafan soyayyar yayyena mata ina karantawa a bayan ɗaki, nan take na tsara mata labari a raina: masoyinta ya tafi su, tana jiran dawowarsa. Na ciro waya na ɗauke ta hoto, ko sallama ban yi ba.

A lokacin sabon ɗauka ne ni a wata tawaga da aka ba aikin duba ko jingar da aka yi wa wani gari a yankin Guri ta tare ambaliya. Shugabarmu, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ta koya mana hanyar: a sami garuruwa biyu masu kama da juna, ɗaya da jinga, ɗaya babu, a gwada ɓarnar da ruwa ya yi wa kowanne. Bambancin shi ne amfanin jingar. Garin da muka zaɓa don gwajin yana ƙetaren kogin, daura da mai jingar. A can na ga matar.

Sakamakon ya fito tas. Garin jinga ko katanga ba ta faɗi ba, garin ƙetare kuwa rabinsa ya zube. Mutanen ƙetaren sun sa rai idan manya suka ga haka, su ma za a yi musu tasu kafin wata damina.

Aka kira taro a Hadeja. Madam ta ce, "Kai za ka haɗa hotunan da za a haska. Amma ban da waƙe-waƙen nan naka."

Ban ji ba. Na sa hoton matar a ƙarshe, na rubuta a ƙasansa cewa natsuwa ta dawo bakin kogi. Na san ba a garin jinga na ɗauke shi ba, amma na ce ai kogin ɗaya ne. (Har sabuwar shadda na ɗinka, na yi wanka da turare kamar mai zuwa zance.)

Da hoton ya fito a bango, na sassauta murya na ce, "Jama'a, ku dubi wannan fuska. Wannan ita ce zuciyar da ta daina tsoron ruwa."

Wani dattijo ya miƙe daga baya. Baba Ari ne, wakilin garin ƙetare.

"Yaro, wa ya ba ka hoton surukata?"

Na ce, "Baba, ai misali ne kawai."

"Takaba take yi. Mijinta ɗana ne. Mai takaba a ɗaki take zama, to ruwa ya tafi da ɗakin, ya haɗa da mai ɗakin. Kwalekwalen nan da take kai nasa ne." Ya juya wajen manya. "Da can raba ruwan ambaliya muke yi da maƙwabtanmu. Tun da aka yi musu jinga, duka namu ne."

Na kai hannu zan cire hoton, sai na yi kuskure na ƙara masa girma. Fuskarta ta cika bangon, idanun nan a kumbure, abin da ban taɓa lura da shi ba duk kallon da na sha yi wa hoton. Sai da wani ya zare wayar na'urar daga soket.

A mota Madam ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Hoton laifinka ne, zaɓen garin nawa ne. Mun auna kyan jinga da garin da ita ta tura wa ruwa."

Ta sake rahoton daga farko. Amma manya suka ce tun da binciken ya sami tangarɗa a bainar jama'a, a jingine maganar sai an sake nazari. Damina ba ta jira nazarin ba.

Tun daga nan, duk shirin da aka ce mini ya yi nasara, tambayata ta farko ita ce ina ruwan ya koma. Na kuma gane ba kowace mai tagumi ce take jiran wanda zai dawo ba.

Bayan shekaru na gan ta a tashar mota a Birniwa, tana soya kifi. Na ji abokan sana'arta suna kiranta Falmata. Ba ta san ni ba, ba ta ma taɓa sanina ba. Na yi sallama, na tambaye ta garinsu.

Ta juya kifin a mai ta ce, "Babu gari, malam. Kachala ce a wurin. A sa maka yaji?"